Linzami Kafin Ƙaimi

Waɗanda suka saba da littattafaina sun san ni da labarin so da kishi da zaman gidan miji, to yau ina roƙon ku yi mini uzuri, zan ajiye su Alhaji da amarya gefe guda in ba ku labarin wata tsohuwa, wato motata Fijo 505, da yadda muka shafe fiye da shekara guda ni da bakanikena muna shirya ta domin ta shiga fili ta yi tsere. Na san wani zai ce me ya haɗa marubuci da baƙin mai? To abin da ya haɗa mu ba ƙarami ba ne, domin kuwa akwai rai a cikinsa.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abu biyu da Aliero ta yi suna a kansu, albasa da ɗori. Daga garinmu Danwarai ba wata tafiya ba ce ka isa gidajen masu ɗorin, inda za ka tarar da mutane daga garuruwa daban-daban a kwance, wani ƙafa wani hannu wani ƙugu, kuma in ka tambaya sai ka ji da yawansu hatsarin babur ne ko na mota. A 'yan shekarun nan sai ga wani sabon salo ya shigo mana, wanda samari suke kira wasan mota. Ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, sai yaro ya ari motar mahaifinsa ko ta abokinsa, ya shigo tsakiyar jama'a ya murɗe sitiyari ya take totur, motar ta riƙa juyawa wuri ɗaya tana tayar da ƙura, wasu sun fito da rabin jikinsu ta taga suna ihu, yara ƙanana kuwa sun yi da'ira suna tafi. A irin wannan wasa ne aka take wata yarinya mai tallan gyaɗa a wani biki da aka yi kusa da mu, ta yi wata uku a gidan ɗori, har yau kuma da ɗingishi take tafiya. Cikin samarin da ke cikin motar a ranar akwai ɗan ƙanwata, maraya, wanda ni nake riƙe da shi tun yana ɗan shekara tara.

An yi faɗa, an yi nasiha, an kai magana gaban manya, yaron ya yi kuka ya ce ya tuba. Amma ni da nake kwana gida ɗaya da shi na ga yadda kunnensa ke tashi duk lokacin da ya ji ƙarar inji. Ƙanwata ta same ni tana hawaye ta ce, “Yaya, ka hana shi taɓa mota har abada.” Na ce mata hani a baki abu ne mai sauƙi, amma yaron da ka hana a gabanka zai yi a bayanka, kuma a motar da ba ka san lafiyarta ba.

Ai son gudu ba yau ya fara a ƙasar Hausa ba. Kakanninmu sun yi sukuwa, amma ba a cikin kasuwa suke yin ta ba, fili ake warewa, kuma babu mahayin kirki da zai sa wa doki ƙaimi bai tabbatar da linzaminsa ba. Haka Turawa suka yi wa mota. A Ingila akwai ranakun da ake buɗe filayen tsere irin su Silverstone ga mutanen gari, mutum ya biya kuɗi ya shiga da motarsa ta hawa ya gwada ta iya ƙarfinta, babu mai tafiya a ƙasa, babu akuya, babu mota mai zuwa ta gaba. A Jamus akwai filin Nürburgring wanda zagayensa ɗaya ya kusa kilomita 21, shi ma ana buɗe wa kowa. A nan gida an gina wani filin a Evbuobanosa ta Jihar Edo, amma daga Kabi zuwa can tafiyar yini ce cur. Abin da muke da shi kusa shi ne gasar motoci ta bikin kamun kifi na Argungu. Shi bikin ya samo asali tun 1934, a bikin shekarar 2020 kuwa motocin daga Abuja suka taso suka ƙare a Argungu, da hannun hukumar ƙera motoci ta ƙasa wadda Jelani Aliyu yake shugabanta a lokacin, mutumin da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka ya zana motar Chevrolet Volt. Sai dai wannan harkar manya ce da kamfanoni, ɗan talaka sai kallo. Wannan ya sa na ƙudura cewa za mu yi namu daidai ƙarfinmu, mota ɗaya lafiyayya da fili ɗaya killatacce.

Ban yi dogon tunani ba wajen zaɓen mota, domin tsohuwar zuma da ita ake magani. Fijo ta san ƙasar Afirka kuma ƙasar ta san ta. A 1975 Fijo 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, a wannan shekarar kuma ta ci ta Maroko a hannun Hannu Mikkola, kuma a dai shekarar ce aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Ita 505 ƙanwarta ce, an fito da ita a 1979, kuma ita ce ta ƙarshe cikin ƙananan motocin Fijo da ƙafafun baya ke turawa. Wannan yana da amfani ga mai koyo, saboda aikin ya rabu, ƙafafun gaba su juya mota, na baya su tura ta, sai direba ya riƙa jin abin da kowane ɓangare yake yi a jikinsa. Tawa 'yar Kwatano ce, irin wadda ake kira GTI, mai inji 2,165 cc da giya biyar, wadda a sabuntarta take ba da ƙarfin doki 130. Na same ta a bayan wani gida ta shekara huɗu a ajiye, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Da muka ja ta zuwa Jega, garejin wani dattijo da ya tsufa a kan Fijo, ɗan ƙanwar tawa ne ya fara magana. Ya ce a fasa salansa ta riƙa ƙara, a yanke sifirin ta kwanta ƙasa, a ƙara wa injin wuta. Dattijon bai tanka masa ba, ya zagaya motar sau biyu, ya shiga ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Sai ya fito ya dube ni ya ce, “Malam, wagga mota ba gudu tar rasa ba, tsayi tar rasa. In kuna biɗar ƙara, ku tai wurin makaɗa.” Daga ranar muka yi yarjejeniya cewa ba za a taɓa injin da niyyar ƙara masa ƙarfi ba sai an gama da birki da ƙafafu da ruwa, kuma yaron zai riƙa zuwa garejin duk Asabar yana riƙe sifana.

Da birki muka fara. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi. In ka ninka gudunka sau biyu, zafin da birki zai haɗiya ya ninka sau huɗu, haka ma nisan da motar za ta ci kafin ta tsaya. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki ka wuce gida biyu. A kan titi sau ɗaya kake taka birki da ƙarfi ka huta, amma a filin tsere kowace kwana sai ka taka, zafi yana hawa kan zafi. A nan ne man birki yake tona asirin mai mota. Shi wannan mai yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai irin wanda aka rubuta wa DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Da zarar ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin bututu, ka taka ka ji kamar ka taka soso, motar kuwa tana tafiya abinta. Wanda muka zuƙo daga motata baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta. Muka zubar da shi duka, muka canza robobin bututun guda huɗu domin sun tsattsage, muka sa sababbin birki-fad gaba da baya, muka auna kaurin faifan gaba muka ga sun cinye, muka canza su. Dattijon ya sa yaron ya yi ta taka birki yana sakewa har iskar da ke cikin bututun ta fita tas, ya kuma ce masa kowace shekara sai an maimaita wannan aiki ko da motar ba ta fita ba.

Sai taya. Duk nauyin mota da gudunta da birkinta a kan wuri huɗu suke, kowane bai fi tafin hannu ba. Amma a nan ne muke yin rowa, mu sayi tayar gwanjo saboda zanenta bai goge ba, alhali roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Na koya wa yaron karanta wannan lamba, ranar da muka je sayen taya kuwa shi ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya yana ƙin waɗanda suka tsufa, har mai shagon ya ce, “Alhaji, ina ka samo wannan lauya?” Muka sayi huɗu sababbi iri ɗaya, girma ɗaya. Muka kuma sayi ma'aunin iska namu na kanmu, domin iskar taya tana ƙaruwa in ta yi zafi, dole a auna kafin a shiga fili da kuma bayan an fito.

Daga nan muka shiga ƙarƙashin mota. Shokazoba duk huɗun sun zubar da mansu, robobin ƙafafu sun mutu, bol-joyin da tayarod suna kaɗawa. Mota mai irin wannan ciwo tana iya kai ka kasuwa ta dawo da kai shekara da shekaru, amma ranar da ka shiga kwana da gudu sai ka juya sitiyari ita kuma ta yi shawara da kanta kafin ta bi ka. Duk muka canza su, aka daidaita ƙafafun. Maganar yanke sifirin kuwa dattijon ya kashe ta da hujja. Ya nuna wa yaron cewa sifirin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma motar da aka kwantar ba ta da sauran wurin lotsawa, in ta faɗa rami sai ta yi tsalle tayar ta bar ƙasa, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta juyawa. Tunda filinmu na ƙasa ne ba kwalta ba, maimakon a kwantar da ita sai muka sa mai walda ya ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji domin kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai.

Abu na uku shi ne ruwa. Ku da kuke zaune a nan kun san watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 ko a inuwa. Injin GTI na alminiyom ne, ba kamar na Fijon Kaduna mai ƙarfen tama ba wanda yake jure wulaƙanci. In ya yi zafi sau ɗaya ƙwarai, kan injin yana iya lanƙwasa, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Da aka buɗe lagireton sai ga tsatsa da farin gishiri irin na ruwan rijiya sun toshe rabin hanyoyinsa. Aka wanke shi, aka canza famfon ruwa da robobi, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Muka sayi sabon murfin lagireto, ɗan ƙaramin abu da ake rainawa, alhali shi ne yake matse ruwan har ya iya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Muka kuma mayar da tamostat da wani ya cire ya yar tun da daɗewa. Bakanikai da yawa a ƙasar nan suna cire shi suna cewa na ƙasar sanyi ne, amma aikinsa shi ne ya tsayar da zafin inji a wuri ɗaya, kuma injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai yana cin kansa. Muka gyara allurar da ke nuna zafi a gaban direba, dattijon ya shafa mata jan fenti a daidai inda in ta kai dole a tsaya.

Sai a wata na goma muka zo kan injin kansa, kuma abin da muka yi masa bai wuce mayar da shi yadda aka ƙera shi ba. Aka canza bel ɗin da ke haɗa sama da ƙasan inji, wanda ba ya sallama kafin ya tsinke. Aka sa sababbin filogi da wayoyinsu, da matatar mai da ta iska, domin ƙurar hunturu in ta shiga inji aikin yashi take yi. An ba mu shawara a cire na'urar feshin mai a ɗora kafireto kamar yadda aka yi wa ire-irenta da yawa, muka ƙi, muka nemo rewaya ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya wanke bakunan feshin. Ranar da ta tashi ta tsaya tana numfashi a hankali ba tare da rawa ba, na ga yaron ya juya baya yana goge ido da gefen riga. Ƙarin gudun da ya nema kuwa mun same shi ta hanyar da ba ta cin ko sisi, muka cire kujerar baya da tabarmi da duk tarkacen but, domin duk kilon da ka rage, inji ya huta, birki ya huta, taya ta huta.

Saura direba. Muka ɗaure kujerarsa da sababbin kusoshi, muka sa sabon bel na ɗaure jiki, muka ɗaure batir da ƙarfe domin kada ya yi tsalle ya haɗa wuta, muka kafa tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai, muka sayi hular kwano mai kyau. Ba zan ɓoye muku ba, aljihu ya ji jiki, musamman da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi. Kuɗin littafi biyu da rabin kuɗin albasar shekara guda duk a cikin motar nan suka shige, uwargida kuwa har yau in ta so tsokana sai ta ce, “Malam, a gaishe da amarya.”

Shirya mota rabin aiki ne, sauran rabin shi ne wurin da za ta yi gudu. Akwai wani faffaɗan fako a bayan gari wanda ba a nomawa. Muka je wurin maigari da dattawa muka yi bayani, muka sanar da jami'an tsaro, sannan muka bi filin da ƙafa muna tsince duwatsu muna cike ramuka, domin a filin ƙasa rami ne yake kifar da mota in tayar ta faɗa shi a karkace. Muka jera tsofaffin tayoyi suka zama hanya mai kwana bakwai, muka ja igiya can nesa inda 'yan kallo za su tsaya, ba a bakin kwana ba. Dokokinmu kaɗan ne amma ba a sassauta su. Mota ɗaya ce take shiga a lokaci guda, da agogo ake tsere ba da wata mota ba. Sai mai lasisi. Mutum ɗaya a mota, in ban da mai koyarwa. Duk wanda aka ga alamar ya sha wani abu, ko kallo ba zai yi ba. Akwai ma'aikacin jinya da akwatinsa, da wata mota a tsaye tana fuskantar hanyar asibiti. In an ɗaga jan ƙyalle kowa ya tsaya. Bayan zagaye uku sai a yi ɗaya a hankali domin birki da inji su huce, kuma ba a jan birkin hannu a kan faifai masu zafi. Duk motar da aka kawo sai dattijon nan ya taka birkinta ya duba tayarta tukuna, ya kuwa mayar da motoci gida fiye da waɗanda ya bari suka shiga.

Abin da agogo ya koya wa samarin nan ya fi duk wa'azin da muka yi musu. Wanda ya shigo da haukan biki, yana jefa gindin mota gefe yana tayar da ƙura, shi ne yake zuwa na ƙarshe, domin duk lokacin da taya take zamewa gefe ba gaba take tafiya ba. Wanda ya taka birki da wuri tun motar tana miƙe, ya shiga kwana a natse, ya duba inda zai fita maimakon bakin bonet, sannan ya ba ta wuta a hankali, shi ne yake cinyewa. A fitarmu ta uku wani malamin makaranta mai shekara 50 da ɗoriya, wanda ko ƙara motar ba ta yi a hannunsa, ya ba su tazarar daƙiƙa shida. Ɗan ƙanwata ya zo ya tsuguna gabana ya ce, “Kawu, ashe wanda ya iya tsayawa shi ya iya gudu.” Na ce masa ya je ya faɗa wa abokansa, domin daga bakinsa za su fi ji.

Ban ce mun kashe wasan mota a ƙasar Aliero da Jega da Maiyama ba, har yanzu ana yi, kuma har yanzu ana kai yara gidan ɗori. Abin da na sani shi ne samari goma sha ɗaya da ke zuwa filinmu sun yi alkawari a gaban iyayensu cewa duk wanda aka gani yana wasa da mota a cikin gari ya bar fili har abada, kuma yau shekara biyu ke nan ba mu kori ko ɗaya ba. Uku daga cikinsu suna koyon aiki a gareji.

Kira na ga iyaye shi ne, in ɗanku yana da wannan ciwo na son mota, ku kai shi ƙarƙashinta kafin ku ba shi makullinta. Ga masu hali da hukumomi kuma, fili killatacce da motar asibiti ɗaya ba su kai kuɗin da ake kashewa a biki guda ba. Ku kuma masu karatu, ko ba ku da niyyar tsere har abada, gobe da safe kafin ku tayar da mota ku tsuguna ku karanta lambar nan huɗu da ke gefen tayarku, ku buɗe bonet ku dubi launin man birkinku. Allah ya kiyaye mana hanya, ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.